Rigar Tulun Zuma

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Duk ɗalibin Hausa ya san wannan karin magana, kuma da yawanmu mun taɓa kawo ta a jarrabawa, muka ce tana nufin shawarar dattijo ta fi ta yaro, ko kuwa abin da ya daɗe ya fi sabo inganci. Wannan bayani daidai ne. Amma akwai tambayar da ba kasafai muke yi ba, ita ce: yaya aka yi zumar ta tsufa? Zuma dai ba ta tsufa a hannun mai kwaɗayi. Kafin ta shekara biyu ko uku a ɗaki, lallai akwai wanda ya hana kansa lasa, ya kare ta daga kiyashi da ƙura da danshi, ya kuma san irin mazubin da ya dace da ita. A wannan ɗan rubutu ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani ƙaramin aiki da na yi da hannuna a cikin garin Bauchi, wato ɗinka wa tulun zuma riga, tare da abin da aikin ya nuna mini game da harshen da muke nazari.

Zumar gidanmu

Mu Jarawa ne daga ƙasar Dass, kudu maso yamma da Bauchi. Jaranci na fara ji a bakin mahaifiyata, Hausa kuwa a kasuwa da makarantar firamare na tsince ta. Mahaifina manomi ne, amma abin da ke biya mana kuɗin makaranta ni da ƙannena shi ne zuma. Yakan saƙa amya da ciyawa, doguwa kamar ganga, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, sannan ya hau bishiyar ɗorawa ko kaɗanya ya ɗaure ta a tsakanin rassa. Idan bazara ta yi, kafin ruwa ya sauka, sai ya je da dare da hayaƙi ya ɗebo abin da Allah ya ba shi. Yakan ware farar saƙa daban, baƙa daban, ya tace ba tare da ya ɗora a wuta ba. Ba a shan zuma sai an sha harbi, mu a gidanmu mun ga gaskiyar wannan magana a kumburin fuskar Baba.

Mafi yawan zumar nan Bauchi take zuwa, wurin wata tsohuwa da ke zaune a wata unguwa ta cikin ganuwa. Tun kafin a haife ni take sayen zuma a hannun Baba, tana ɗurawa a ƙananan kwalabe tana sayar wa matan unguwa. Ciniki ya zama zumunci, har ya kasance duk lokacin da na shigo Bauchi a ɗakinta nake kwana. Inna nake kiranta, ita kuma ta ce da ni 'yar nan.

Abin da hunturu ya jawo

A wani hutu da na yi a wurinta cikin watan Disamba, sanyi ya yi tsanani, ƙura ta rufe duwatsun da ke kewaye da gari. Wata rana da hantsi sai ga wata mata ta shigo riƙe da kwalba. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba, ta dire kwalbar a gaban Inna, ta ce a duba abin da aka sayar mata da sunan zuma. Zumar ta daskare, ta yi fari daga ƙasa, idan aka lakata sai a ji tsaki-tsaki a harshe. Matar ta ce wannan sukari ne aka dafa, kuma ita ba za ta rufa wa maha'inci asiri ba.

Ni dai jikina ya yi sanyi, domin na san abin da irin wannan magana ke iya yi. A unguwa irin wannan, abin da aka faɗa a gidan suna da safe kafin la'asar ya kai gidan biki. Mai sayar da zuma ba shi da wani jari da ya wuce a yarda da shi. In aka ce zumar Baba haɗi ce, to sunansa na shekara da shekaru ya zube, kuɗin rajistata na zango mai zuwa kuma a cikin waɗannan kwalabe yake.

Gaskiyar al'amarin ita ce daskarewa ɗabi'ar zuma ce. Ruwan da ke cikin zuma mai kyau bai wuce kashi 17 ko 18 cikin 100 ba, sauran kusan duk sukari ne na halitta iri biyu, gulukos da furuktos. Shi gulukos ya yi wa ɗan ruwan nan yawa, saboda haka a hankali yakan ware ya zama ƙanƙara-ƙanƙara. Hakan ya fi saurin faruwa idan yanayi ya sauko wajen digiri 14 a ma'aunin Salsiyos, kuma daren hunturu a Bauchi kan kai kusa da haka. A cikin amya kuwa, ƙudan zuma kan riƙe ɗumin wurin renon 'ya'yansu a wajen digiri 35. Ke nan zumar da aka raba da gidanta, aka zuba a kwalba, aka ajiye a kan siminti ko bakin taga, tana shan zafin rana da sanyin dare, ba abin mamaki ba ne ta sauya kama. Yawan gulukos ya danganta da furen da ƙudan ya tsotsa, shi ya sa wata zumar take daskarewa cikin 'yan makonni, wata kuma ta daɗe tana ruwa.

Inna ba ta san gulukos ba, amma ta san zuma. Ta bar matar ta gama faɗa, sannan ta sa ni na jawo mata wani ƙaramin tulu daga ƙarƙashin gadonta. Tulun ƙasa ne, ya yi baƙi saboda tsufa, ya sha zuma ya ƙoshi har ya daina tsatsafo. A ciki take ajiye zumar da ba ta sayarwa, wadda take ba mai tari da mai jego da wanda wuta ta ƙona. Takan ce abin da Allah ya ambata da waraka a Suratun Nahli bai kamata gida ya rasa shi ba. Ta buɗe ta nuna wa matar, ga ita ma tata ta yi kauri ta fara tsaki-tsaki. Ta ce, "Wannan ita nake ba jikokina. Kina ganin zan ha'inci kaina?" Daga nan ta sa aka ɗumama ruwa, daidai yadda hannu zai iya jurewa, ta tsoma kwalbar a ciki. Kafin su gama hira zuma ta narke ta koma yadda take. Matar ta ɗauki abarta ta tafi. Ba ta ba da haƙuri ba, amma ba mu sake jin maganar ba.

A nan ya kamata mai karatu ya sani cewa gwaje-gwajen da ake yi a gida, irin su tsoma ashana a zuma a ƙyasta, ko ɗiga ta a ruwa a ga ko za ta nutse, ba sa tabbatar da komai. Zumar haɗi tana iya tsallake su, ta gaskiya kuma ta faɗi. Abin da ya raba gardama a ranar shi ne matar ta ga Inna tana shan abin da take sayarwa.

Yadda muka yi ɗinkin

Da na zo mayar da tulun sai na lura da yadda aka naɗe shi da tsummoki, wasu sun ruɓe, wasu ɓera ya ci, ga kiyashi sun yi hanya a tsakani. Inna ta ce da can riga gare shi, wadda uwarta ta ɗinka, ta mutu tuntuni, ita kuma yanzu idonta ba ya ganin kafar allura. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ke mai ido, ba kya ɗinka masa wata ba?" Na ce, "Inna, in za ki nuna mini, sai in yi."

Washegari na je wajen telolin da ke kusa da Kasuwar Wunti na roƙo ƙyallayen da suka rage musu, na sayi zare da allura da ɗan farin alawayyo. Auduga kuwa a wurin Inna muka samu. Daga nan aka shiga aiki, kuma daga nan ne kalmomi suka fara zubowa.

Da farko awo. Inna ba ta amfani da tef. Zare ta sa na zagaya cikin tulun da shi a inda ya fi faɗi, na ƙulla. Tsawonsa kuma daga gindi zuwa wuya ta auna da taƙi, wato buɗin yatsun hannu. Ta ce a ƙara yatsa uku a kowane gefe saboda kalmasa da kuma kaurin auduga. A da, in ji ta, da kamu ake auna yadi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, igiya kuma da gaba.

Sai auduga. Ta sa na gurje ta na fitar da gurya, sannan ta nuna mini yadda ake shiɓa ta har ta yi laushi ta tashi kamar kumfa. Rigar hawa uku ce: atamfa a waje, auduga a tsakiya, alawayyo a ciki. Wannan na cikin shi ne shafi, kamar dai shafin da ake yi wa babbar riga. Kalmar shafi na san ta a littafi, shafi na kaza, ranar ce na fara jin ta a bakin mai ɗinki.

Da na shimfiɗa hawa ukun, sai Inna ta ce in ba a bi su da ɗinki layi-layi ba, audugar za ta zube ta taru a ƙasa. Ta ce, "Lifidi za ki yi masa." Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ya ga 'yan lifida, su da dawakansu sanye da kaya masu kauri da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. A zamanin yaƙi wannan shi ke tare kibiya. Dabarar ɗaya ce, sai dai namu abokin gabar sanyi ne da karo. Wannan mataki shi ya fi cin lokaci. Layi goma sha biyu na yi daga sama zuwa ƙasa, kowanne da hannu, Inna tana shafawa da yatsa tana gane inda ɗinki ya yi tazara ko da ba ta gani sosai.

Bayan haka muka yanka wani ƙyalle zagayayye mai kauri muka haɗa a ƙasa, ya zama kamar gammo, domin tulu ya zauna daram kada gindinsa ya taɓa sanyin ƙasa. Daga sama kuma na kalmashe bakin rigar na bar hanya a ciki. Inna ta ce wannan ita ce ƙubaka, irin ta wando, igiyar da za a zura a ciki kuma zariya. Muka murza zariya da ragowar ƙyalle, muka zura, muka sa tulu, na ja. Rigar ta tsuke a wuyansa cif. Bakin tulun kuwa da ɗan ƙoƙo ake kife shi, a liƙe gefen da kakin zuma, a ɗora ƙaramin faifai a kai. Liƙewar nan tana da muhimmanci musamman da damina, domin zuma tana jan danshi daga iska, kuma idan ruwanta ya haura kashi 20 cikin 100 tana iya yin tsami ta yi kumfa. Yammaci biyar muka yi kafin aiki ya kammala.

Kada in yi wa rigar nan kirarin da ya fi ƙarfinta. Ba ta haifar da ɗumi, kuma ba ta hana zuma daskarewa har abada. Aikinta shi ne ta rage saurin shigar sanyi da fitar ɗumi, yadda tulun da aka ɗan shanya a hantsi zai daɗe bai huce ba. Tana tare haske da ƙura, tana kuma kare tulu daga fashewa idan ya yi karo. Kiyashi kuwa sai an goge jikin tulu tas kafin a sa masa riga, a kuma zagaye mazauninsa da toka. Daga baya na ɗinka ƙanana guda shida na kwalabe, waɗanda Baba ke ɗauko zuma da su a mota daga Dass.

Me za a kira ta?

A matsayina na ɗalibar harshe, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan abin. Me ya sa Inna ta ce riga? Hausa ba ta rasa kalmomin abin rufi ba. Akwai murfi, amma shi baki kawai yake rufewa. Akwai kube na wuƙa da takobi, akwai gafaka ta Alƙur'ani, akwai huhu na goro, akwai jaka, akwai ragaya da ake rataye ƙwarya a ciki. Kowanne da abin da aka san shi da shi, in ka ce kuben tulu ko gafakar tulu sai a yi maka dariya.

Na tambayi Inna. Ta ce, "To, abin da ke da wuya, in ba riga ba me zai sa?" Wannan amsa ta fi mini bayani mai shafi goma. Tun tuni Bahaushe ya ba tulu jiki irin na mutum: yana da baki, yana da wuya, yana da ciki, yana da gindi. Saboda haka abin da aka auna daidai jikinsa, aka ɗinka, ake sa masa a kuma tuɓe a wanke, ba sai an je nesa neman suna ba. Ta wannan hanya ce aka sami rigar kujera da rigar matashin kai. A aji muna kiran wannan faɗaɗa ma'ana. Inna ta yi shi ba tare da ta san yana da suna ba, kuma masu ƙirƙirar sababbin kalmomi za su amfana in suka riƙa tambayar irinsu kafin su ari ta wani harshe.

Wani abin lura kuma, Inna ba "rigar tulu" take cewa ba, "rigan tulu" take cewa, haka ma yawancin mutanen da na taso a cikinsu. A daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, riga jinsin mace ce, don haka mahaɗinta "r" ne. A Bausanci kuwa, kamar a Zazzaganci, bambancin jinsi a sunayen abubuwa ya yi rauni, sai ka ji motan Audu, rigan yaro. A rubutu ina bin ƙa'ida, amma ban ga dalilin da zai sa in ce tsohuwar da aka haifa a cikin ganuwar Bauchi ba ta iya Hausa ba. Ita kanta zuma ma ana jin ta da jinsi biyu, wasu su ce zuman nan, wasu zumar nan, karin maganar da na fara da ita kuwa ta ɗauke ta mace.

Da Baba ya zo ya ga tulu a cikin atamfa, sai ya yi dariya ya ce, "To, bana tulu ya riga ni samun riga." Shi ma da girmansa ya ƙware a Hausa, amma ga shi yana wasa da kalmomi biyu da rubutunmu na yau da kullum bai bambanta su ba: riga ta sawa mai dogon wasali a gaɓar farko, da riga ta gabata mai gajeren wasali. Misalin da malaminmu na tsarin sauti ya sha rubutawa a allo ke nan, na same shi a bakin manomi.

Da na koma makaranta na shiga ɗakin karatu na buɗe ƙamusun Bargery na 1934, na bi kalmomin da na rubuto ɗaya bayan ɗaya. Ƙubaka na nan, lifidi na nan, shiɓa na nan. Ga kuma ƙamusun Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 a kusa da shi. Kalmomin ba su ɓata ba, suna kwance a takarda. Sai dai na tambayi wasu abokan karatuna, waɗanda aka haife su cikin Hausa, ko sun san ƙubaka, ƙalilan ne suka sani. Dalili a fili yake, wandon yanzu roba ake sa masa, auduga kuma ba a shiɓa ta a gida. In aiki ya bar hannu, kalmarsa takan bar baki.

Ana yawan tambayata, ke da ba Bahaushiya ba me kike nema a sashen Hausa? A da nakan amsa da tarihi, in ce Malam Yakubu da ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa garin Bauchi a 1809 daga Gerawa ya fito, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya rubuta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, ɗan wannan ƙasa ce mai harsuna da yawa. Har yanzu amsar tana nan. Amma tun bayan yammacin nan biyar ban cika damuwa da tambayar ba. Inna ba ta tambaye ni asalina ba kafin ta miƙa mini allura. Kalmomin da uwarta ta koya mata ta ba ni su ne saboda ni ce na zauna na yi aikin.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kowa ya yi amfani da hutu mai zuwa ya zauna da wani mai sana'ar hannu a unguwarsu, maƙeri ne ko marini ko baduku ko mai saƙar faifai ko mai ginin tukwane. Kada ya tsaya a riƙe biro yana jero tambayoyi, domin mai sana'a ba ya tuna rabin kalmominsa sai hannunsa na kan aiki. A karɓi kayan aikin a gwada, a rubuta kalma yadda aka faɗe ta, da karin harshen da aka faɗe ta, da jimlar da ta zo a ciki. Idan kowannenmu ya dawo da kalma ashirin, ƙungiyarmu za ta iya ware musu shafi a kowace fitowa ta wannan mujalla, na baya su samu abin dubawa. Tsofaffin nan da kalmomin ke bakinsu ba za su jira mu gama digiri ba.